Dashen Gashi a Shagon Muntaka

A bakin tashar Sabon Birni, tsakanin mai faci da mai shayi, akwai wani ɗan shagon langa-langa inda Muntaka yake aski. Askin nasa ba laifi, in dai za ka iya jure surutu. Abin da ya hana shi zama lafiya shi ne bai taɓa yarda cewa shi mai aski ne kawai ba. Ya taɓa cewa ya iya gyaran waya, ya buɗe ta wani direba ya mayar ya rufe, ƙusoshi suka yi saura a tafin hannunsa, ya ce dama kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Ya taɓa ɗora wa masallacin unguwa sola, fitila ta riƙa kamawa da rana tsaka tana mutuwa da magariba. Duk da haka in ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya gina ganuwar Alkalawa.

Wata rana yana zaune babu wanda ya zo aski, sai ya ci karo da wani bidiyo a waya. A ƙasar Turkiyya aka ɗauke shi. Wani mutum ya shiga asibiti da kai fayau kamar bayan ƙwarya, likitoci suka kewaye shi da takunkumi a baki, can sai ga shi ya fito yana taje suma yana murmushi. Sabis ɗin waya a wajenmu kuwa kowa ya san halinsa. Bidiyon yakan nuna farko, ya tsaya yana juyi, sai ya yi tsalle ya faɗa ƙarshe. Muntaka bai damu da tsakiyar ba. Ya ce mai hankali in ya ga farkon abu ya ga ƙarshensa, ai sauran cikon bayani ne na masu ƙaramar ƙwaƙwalwa.

Da yamma ya baje kolin sabon iliminsa a teburin mai shayi. Ya ce aikin iri biyu ne. Akwai wanda ake yanko zirin fata daga ƙeya, a tsattsaga shi ƙanana a dasa a gaba, wannan tsohon yayi ne kuma yana barin tabo. Akwai kuma na zamani, wanda ake ciro gashi ɗaya-ɗaya da saiwarsa, a huhhuda gaban kai a cusa. Ya ce shi na zamanin zai riƙa yi. Ya ƙara da cewa abin duk ba komai ba ne illa dashen gero da kowane Bagobiri ya iya tun yana goye, Turawa ne kawai suka sa wa noman kakanninmu farar riga.

Malam Is'haƙa mai turare, wanda yake zuwa wurin Muntaka gyaran gemunsa da yake rinawa ja da lalle, ya ajiye kofi ya tambaye shi ina ya koyo wannan aiki.

Muntaka ya ce, "Istambul."

"Istambul ɗin da ke bayan Maraɗi? Don mu dai nan munka san ka tsaya, kuma ranar ka dawo da ciwon ciki."

"Malam, ilimin yanzu ba ƙahwa ka zuwa nemanai ba. Ido ka zuwa."

Kafin mako ya kewayo an kafa allo a ƙofar shago, an rubuta da jan fenti: Dakta Muntaka Istambul, Dashen Gashi da Gyaran Sanƙo. Matarsa Naja'atu ta zo kawo masa abinci ta tsaya ta karanta allon a hankali. Ta ce ita dai da mai aski aka ɗaura mata aure, in an canza mata miji da likita ya kamata a ce an sanar da iyayenta. Ya ce mata matan manyan mutane ba a san su da yawan magana ba. Ta ce to shi ya sa take yi.

Ya ga ya kamata ya gwada hannu kafin ya taɓa ɗan Adam. Akwai wani bunsuru na Inna Binta, tsohuwar da ke toya ƙosai a bakin tasha, wanda gwiwoyinsa suka goge saboda durƙuso. Muntaka ya ce wannan sanƙo ne sosai, a gwiwa kawai ya sauka. Ya yaudare shi da dusa har cikin shago, ya ja ƙofa, ya datse masa rabin gemu da almakashi don ya samu irin dashe. Da ya kai allura gwiwa, bunsurun ya yi wani kuka, ya hango ɗan'uwansa a madubi ya kai masa karo. Madubi ya tarwatse. Bunsurun ya ɓalle ƙofa ya fita, ya bi ta ƙarƙashin teburin mai shayi ya kifar da tukunya, ya ratsa tasha da rabin gemu direbobi suna tafa masa.

Inna Binta ta iso da matsamin ƙosai a hannu. Muntaka ya fara yi mata bayanin cewa ko a ƙasashen waje da dabbobi ake fara gwaji. Ta ce to me ya sa ya tsallake kansa ya nemi nata. Aka yi ta ba ta haƙuri, ta tafi tana cewa ko kyauta aka ce za a dasa mata gashi ba ta so, ta fi yarda da ɗankwalinta.

Mutanen tasha sun sha dariya, suka ɗauka magana ta mutu. A garin da kowane namiji yake da hula, wa zai kai kansa a huda? Sai ga Abdurra'uf.

Abdurra'uf dillalin hatsi ne, mutumin Tozai, a kasuwar Isa yake da rumfa. Mutum ne mai natsuwa da sanin awo, ba a taɓa jin ya yi rigima da kowa ba. Sanƙo ya kama shi tun yana saurayi, ya share masa kai tun daga goshi har kusa da ƙeya, sai ɗan abin da ya rage a gefe kamar ciyawar bakin hanya. A lokacin ba shi da mata, yana neman wata bazawara mai suna Mairama da ke sayar da fura kusa da rumfarsa, kuma magana ta fara kankama. Ranar nan ya sunkuya zai ɗaga buhu a gabanta, hula ta faɗi. Rana ta daki kan, Mairama ta kare fuska da faifai tana dariya, ta ce ya rufe kada ya kashe wa mutane ido. Ita wasa ta yi, ta manta. Shi kuwa maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya daina alwala a bainar jama'a, ya koma zagayawa bayan rumfa. Da wani direba ya ba shi labarin akwai likitan sanƙo a Sabon Birni, bai tsaya ya ji cewa direban zolaya yake yi ba. Washegari ya hau mota.

Muntaka ya karɓe shi kamar baƙon sarki. Ya cire masa hula, ya ƙwanƙwasa kan da yatsa, ya kasa kunne, ya ce ƙasar tana da kyau, shekara da shekaru aka bar ta ta huta, abin da aka sa mata zai kama. Abdurra'uf ya tambaya ko akwai zafi. Muntaka ya ce kamar cizon sauro, shi ma sauron ɗan jariri. Ya tambaya sai yaushe gashin zai fito. Muntaka ya ce a wajen Turawa sai an yi watanni ana jira, amma su ba su san ƙasa ba, shi a yini ɗaya yake gamawa.

Da safe aka soma. Jama'a sun cika taga da ƙofa. Muntaka ya sa farar jallabiya, ya ɗaura takunkumi, ya jera kayan aiki a kan faranti: hantsaki, reza, allura, da wata basilla ta ɗinkin buhu. Maimakon allurar kashe zafi ya sayo ƙanƙara ya ɗora wa mutumin a ka, ya shafa man zafi a kewaye. Sannan ya ɗauki biro ya zana inda gashi zai tsaya. Layin ya sauko har kusa da gira. Wani daga taga ya ce in aka cika nan da gashi ai biri za a sallama ba mutum ba. Muntaka ya goge da yawu ya sake zanawa, ya ce na farkon awo ne.

Kafin ya gama jawabi ga masu kallo ƙanƙara ta narke ta bi wuyan riga. Ya kama gashin ƙeya da hantsaki ya fizga. Abdurra'uf ya zabura ya yi salati. Gashin ya katse a tsakiya, babu saiwa babu dalilinta. Ya sake fizga, ya sake. Wanda ya fito da ɗan fari a gindi ya ɗaga wa jama'a ya ce ga saiwa nan, a kalla da kyau. Da ya tara ɗan abin da bai kai cika cokali ba, ƙeyar ta riga ta yi faci-faci kamar kazar da aka fara figa aka fasa.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ya soka allura ya huda, ya nemi cusa gashi, gashin ya lanƙwashe ya kwanta. Ya ce ramin ne ya yi kaɗan, ya ɗauko basilla. Abdurra'uf ya riƙe hannun kujera har jijiyoyinsa suka tashi, hawaye na zuba, amma da ya tuna dariyar Mairama sai ya cije. Jini ya tsattsafo, gashin da aka cusa ya biyo shi ya fito. Muntaka ya juya baya ya buɗe waya a ɓoye don ya ga yadda ake sa shi ya zauna. Bidiyon ya nuna mai sanƙo yana shiga, ya yi juyi, ya nuna shi yana taje suma.

Gumi ya keto masa. Ya waiwaya ya ce wa masu kallo numfashinsu yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kowa ya watse. Ya rufe taga, ya sa sakata, ya juya kujerar Abdurra'uf ta fuskanci bango, dama madubi bunsuru ya gama da shi. Ya ce masa ya rufe ido kada ya motsa, za a shiga babban mataki. Ya zare ta ƙofar baya ya je wurin Zayyanu mai faci ya roƙi gam, ya ce ƙafar kujera ce ta ɓalle. Ya dawo ya jawo kwandon da yake tara gashin aski, wanda Naja'atu take kwashewa lokaci-lokaci ta binne a bayan gida don kada ya faɗa hannun mugu. Ya shafe kan da gam, ya riƙa dumbuzo gashi yana dannawa.

Abdurra'uf ya ce, "Dakta, warin fetur ni ka ji."

"Maganin Turkiyya na. Mai ƙarhi na, shi ya sa."

Da ya gama sai ya ga aikin ya fito launi-launi, don kwandon bai zaɓi kan kowa ba. Ya ɗauko baƙin man goge takalmi ya bi shi tas, ya daddale da buroshi. Bayan la'asar ya buɗe ƙofa ya tsayar da Abdurra'uf daga ciki, inda haske bai kai sosai ba, ya hana kowa matsowa.

Gaskiya daga nesa abin ya yi kyau. Mutumin da ya shiga da kai kamar tulu ya fito da suma baƙa wuluk har tana sheƙi. Wasu dattawa da ba a taɓa ganinsu babu hula ba suka fara jan Muntaka gefe suna tambaya a madadin wani abokinsu. Shi kuwa ya naɗe kan da farin ƙyalle, ya kafa dokoki da babbar murya: ba hula, ba ruwa, barci a zaune, kuma kullum a ɗiga man shanu ta saman ƙyallen don saiwa ta samu abinci. Malam Is'haƙa ya tambaya yaya mutum zai yi shafar kai in ruwa ba zai taɓa shi ba. Muntaka ya ce ya shafa ƙyallen, ya wadatar. Malam ya ce jiya likita, yau mai fatawa, gobe sai a jira shi a kan mumbari.

Abdurra'uf ya koma Tozai da naɗi kamar wanda ya faɗo daga kan raƙumi. Bayan kwana kaɗan ya fara kiran Muntaka a waya. Ya ce kan yana ƙaiƙayi kamar an zuba masa ƙaiƙayin gero. Muntaka ya ce tsiro ne yake huda ƙasa. Ya sake kira ya ce goshinsa ya kumbura har idanunsa sun ƙanƙance. Muntaka ya ce ko a Istambul haka suke kumbura, alamar saiwa ta sha ruwa ce. Ya ce gashi yana zubowa ta ƙasan ƙyalle. Muntaka ya ce wannan kowane likita ya sani, na farko yakan zube don ya ba na biyu hanya. Ya ce tururuwa sun yi layi daga bango har matashinsa, ƙudaje kuma suna raka shi masallaci. Muntaka ya ce man shanun ne, kuma ƙwaro ba ya bin abin banza. Da ya ce kan ya fara wari, Muntaka ya tambaye shi ko ya taɓa ganin gonar kirki da ba ta warin taki.

Da masu tambaya a madadin abokai suka yi ta ƙaruwa amma babu wanda ya zauna a kujera, Muntaka ya gane sai sun gani da ido. Ya yanke shawarar a kwance naɗin a bainar jama'a ranar kasuwar Isa. Abdurra'uf ya so ya ƙi, amma aka ce masa a gaban rumfar fura za a yi, Mairama tana kallo. Ya amince.

Da safen ranar, Muntaka yana guga farar jallabiyarsa, Naja'atu ta tsaya a kansa ta ce ta je shago kwashe gashi ta tarar da kwando wayam.

Ya ce, "Na bizne shi da kaina."

"Ina?"

"Inda ya dace."

Ta ce, "Ga kan bawan Allah ka bizne shi ke nan. Muntaka, in kana da sauran hankali, tahi ka jiƙa mai kai da ruwan ɗumi cikin ɗaki, ka ba shi haƙuri tun ba a taru ba."

Ya ce mata duk wanda ya kawo sabon abu a duniya daga gidansa ake fara yi masa hassada. Ta ce ta ji, amma ya bar mata makullin shago, don ba ta ga alamar da ƙafarsa zai dawo ba.

Kasuwa ta cika maƙil. Muntaka ya ari amalanke, ya ɗora kujera a kai, ya zaunar da Abdurra'uf, shi kuma ya hau ya tsaya da lasifika irin ta masu tallar magani. Masu hatsi suka bar awo, Fulani masu shanu suka matso da sandunansu a kafaɗa, mata masu nono suka sauke ƙore. Mairama tana zaune a bayan ƙwaryar furarta, ta kasa gane wanda aka naɗe, don fuskar ta kumbura ta zama kamar alkaki.

Da ya kwance naɗin nan take, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma Muntaka ya ga jama'a, ya ga lasifika a hannunsa. Ya fara da tarihin sanƙo tun daga zamanin da. Ya bayyana dashe mai yanka da dashe mai tsinta. Ya yi tir da likitocin da ke sa mutane hawa jirgi a kan abin da ɗan Gobir zai yi da hannu ɗaya. Ya ce nan gaba kaɗan daga Nijar za a riƙa yo ayari ana zuwa wurinsa, har sai gwamnati ta faɗaɗa hanya. Rana tana ta hawa, ta tsaya a tsakar ka. Man shanu ya narke, man takalmi ya bi sahu, gam ya saki jiki. Wani baƙin ruwa ya fara gangarowa daga ƙarƙashin ƙyalle, ya bi goshin Abdurra'uf, ya rabu biyu a karan hanci. Wata mai nono ta ce mutumin yana kukan tawada. Muntaka ya ce dattin tsohon sanƙo ne yake fita.

Sannan ya kama bakin ƙyalle ya fara warwarewa. Zagaye na fari ya fita lafiya, na biyu ma haka. Na ƙarshe ya manne. Ya ja a hankali, ya ƙi. Ya ce wa jama'a su ga ƙarfin saiwa. Ya sa ƙafa ya dafe kujera ya fizga.

Abdurra'uf ya ƙwalla ƙara. Gaban sumar gaba ɗaya ya ɗago ya biyo ƙyallen kamar an ɓamɓare ƙanzo daga tukunya, Muntaka ya tsaya riƙe da shi a sama yana lilo. Inda ya tashi jan nama ne da ƙuraje. Abin da ya rage a tsakar ka kuwa baƙin ya wanke ya bar shi a ainihinsa: ga furfura fara fat, ga baƙi mai murɗe, ga wani dogo mai laushi, ga wani tsinke-tsinke mai kauri da ba na mutum ba, sannan a tsakiya, tsaye kamar tuta, wani tunku ja jawur.

Malam Is'haƙa, wanda yake kasa turarensa a Isa kowace ranar kasuwa, ya kutsa gaba, ya ɗaga kai ya ƙura wa jan tunkun ido, ya shafa haɓarsa.

Ya ce, "Jama'a, ku shaida. Wanga gemuna na."

Wani Bafulatani mai suna Usmanu ya nuna dogon mai laushin da sanda ya ce wancan nasa ne, da salla ya aske shi a Sabon Birni. Wani tsoho ya ce furfurar ta yi masa kama da tasa, in ba a damu ba yana son a mayar masa. Wani direba ya ce mai kaurin shi ya san mai shi, yana can bakin tasha yana cin ɓawon wake da rabin gemu. Dariya ta ɓarke tun daga rumfar hatsi har kara wurin masu shanu, wasu suna riƙe ciki, wasu suna zagi, don ba kowa ne ya ji daɗin ganin gashinsa a kan wani ba.

Muntaka ya kai lasifika baki ya ce a natsu, wannan kashi na farko ne, an sa shi ne don ya riƙe wa na gaskiya wuri. Bai ƙarasa ba. Abdurra'uf, wanda ba a taɓa ji ya yi faɗa da kowa ba, ya miƙe ya shaƙo wuyan jallabiyar. Nauyinsu ya koma gefe ɗaya, amalanke ta ɗaga ƙafa ta kife. Abdurra'uf ya faɗa kan buhunan dawa. Muntaka ya sauka da baki a kan ƙarfen sikeli, ya tashi yana tofar da jini da haƙorin gaba.

Abdurra'uf yana zaune a ƙasa, ya ɗaga kumburarrun idanunsa sai ya ga Mairama tsaye a kansa. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi wa ya aike shi. Ya ce maganar da ta yi ranar da hularsa ta faɗi.

Ta ce, "Ni wasa na yi, kuma da na ƙi ka don sanƙo da ban bari ka kai gaisuwa gidanmu ba. Kai marar gashi ina iya zama da shi, Abdurra'uf. Wanda babu komi cikinai ne ban iyawa."

Ta koma ta ɗauki ƙwaryarta. Daga ranar ta matsar da wurin sana'arta zuwa ɗaya gefen kasuwa, kuma ta aika aka ce wa danginsa a dakata da maganar.

A asibiti ma'aikata sun sha aiki kafin su jiƙa gam ɗin su ɓamɓare shi. Likitan ya ce an yi sa'a cutar ba ta shiga jini ba, ya kuma tambaya ko wanda ya yi wannan aiki yana da wata gaba da majinyacin. Da aka wanke kan, sai ga shi ya fi da muni nesa ba kusa ba. Da can sanƙo ne sumul mai tsabta. Yanzu gaba duk huji da tabo kamar inda kaji suka yi tono, ɗan gashin ƙeyar da yake taƙama da shi ma ya tafi.

'Yan'uwan Abdurra'uf sun so a kai maganar gaba, aka taru a ƙofar mai unguwa aka sasanta. Aka sa Muntaka ya cire allon nan da hannunsa jama'a na kallo. Aka kuma ɗora masa jinyar mutumin har ya warke: shi zai riƙa kai shi asibiti wankin ciwo a kan babur, shi zai zauna yana kora masa ƙuda. Lokaci kuwa yana da shi, don shagon ya koma wurin kwanan akuyoyi. Har waɗanda suka saba zuwa aski sun ƙaurace, suka ce ba su san a kan wa za su wayi gari su ga gashinsu ba.

Wata rana da hantsi suna zaune a zauren gidan su Abdurra'uf a Tozai, Muntaka yana masa fifita da mahuci, maƙwabta biyu-uku sun zo dubiya. Muntaka ya sa harshe a giɓinsa ya tsotsa, ya gyara zama. Ya ce, iska na fita ta giɓin tana fito, wato jiya ya ga wani bidiyo na dashen haƙori. Ya ce abin ba wuya, ƙusa ce kawai ake kafawa a dasashi a ɗaura haƙori a kai, kuma shi ya riga ya gane inda Turawan suke kuskure.

Abdurra'uf ya juyo da kansa mai bandeji a hankali ya dube shi. Ya ce wannan magana ta yi, kuma tunda ga giɓi a kusa ba sai an je nema ba. Ya ce wa ɗaya daga cikin maƙwabtan ya leƙa gidan kafinta ya aro guduma da ƙusa mai ɗan tsawo.

"Wanga aiki ni za ni yi maka shi, Dakta. Kyauta. Buɗe bakin in ga wurin."

Maƙwabcin ya miƙe da gaske ya sa takalmi. Muntaka ya dubi ƙofa, ya ga ƙanen Abdurra'uf zaune a bakinta ya miƙe ƙafafu. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya haɗe leɓɓansa gam, ya kama mahuci da hannu biyu ya ci gaba da fifita, kuma waɗanda suke wurin sun ce har aka kira azahar ba a sake ganin giɓin ba.